ZARE: Askirim, miyar babikiyu, da mutanen da ba a rubuta sunansu a jikin kwalba ba

1/
Kullum sai an turo bidiyo: "Yadda za ki haɗa askirim irin na gidan abinci", "Sirrin miyar babikiyu a gida". Ana faɗin abin kamar kamfani ne ya ƙirƙiro, mu kuma muke leƙen asirinsa. Tarihi bai ce haka ba. Zaren yau dogo ne, ku gyara zama 🧵

2/
A Amurka, inda abu biyun nan suka zama babbar kasuwa, an daɗe ana yin su da hannu kafin wani ya zuba su a inji ko a kwalba. Kuma da yawan hannayen nan na bayi ne baƙaƙen fata. In ka san yadda suka yi, ka san rabin "sirrin" da ake sayar maka.

3/
Mu fara da mai sanyin. Ƙanƙara ita kaɗai ba ta daskarar da madara mai sukari. Ƙanƙara tana narkewa a digiri 0, ita kuwa madarar sai ta sauka ƙasa da haka da digiri biyu ko uku kafin ta fara kamawa. Ka binne kwano a ƙanƙara har gobe, sanyi kawai zai yi.

4/
Gishiri ne ya warware. In ka barbaɗa shi a kan ƙanƙara sai ya tilasta mata narkewa, narkewar kuma sai ta zuƙe zafin duk abin da ke kusa. Da gishirin miya na gida ana iya sauka har wajen digiri 21 ƙasa da sifili. Ya ma ɗan fi firizar gidanku, wadda take tsayawa a 18.

5/
Wannan dabara ba ta Bature ba ce tun asali. Wani likita da ya yi zamani a Dimashƙa a ƙarni na 13, Ibn Abi Usaibi'a, ya rubuta yadda ake sanyaya ruwa da gishirin albarushi. A fadar Sarki Akbar na Indiya ma haka ake sanyaya ruwan sha. Mutanen Iran kuwa suna da rumbunan ƙasa na ajiye ƙanƙara a tsakiyar hamada, yakhchal, wasu na nan tsaye har yau.

6/
A Italiya aka kai abin ga daskarar da abin sha. Giambattista della Porta ya bayyana dabarar a 1589, sannan a shekarun 1690 Antonio Latini na birnin Naples ya buga yadda ake haɗa sorbetto. Kalmar ma daga sharbat take, ta Larabawa da Turkawa.

Labarin wai Marco Polo ne ya kawo askirim daga Sin? Babu hujja. Ku bar yawo da shi.

7/
Abin sarakuna ne a lokacin. A wata liyafa a fadar Windsor ta Ingila a 1671, an rubuta jerin abincin kowane tebur, kuma teburin Sarki Charles II ne kaɗai aka kai wa askirim. Sauran manyan baƙi sai kallo da haɗiyar yawu.

8/
Yanzu mu tsallaka Amurka. In ka bincika za a ce maka Thomas Jefferson, shugabansu na uku, shi ya yayata askirim a ƙasar. Akwai takardar haɗin askirim mai banila da ya rubuta da hannunsa, tana ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokinsu. Kirim ɗin madara kwalba biyu, kwanduwar ƙwai shida, sukari rabin fam.

9/
To amma wa ke tsayuwa a kicin? Jefferson dai ba ya shiga. A 1784 da zai tafi Faransa ya sa aka kai masa wani bawansa ɗan shekara 19, James Hemings, don ya koyi girkin Faransawa. Yaron ya koya har ya zama shugaban masu girki a gidan Jefferson na Paris. Daga ɗan albashinsa ya ɗauki malamin da ya koya masa Faransanci.

10/
Wani abin takaici: Hemings ƙanin matar Jefferson ne, ubansu ɗaya. Uban ya haife shi da baiwarsa, sai dokar Bajiniya ta ce ɗa yana bin matsayin uwa. Wato mutum ya mallaki ƙanin matarsa kamar yadda ake mallakar doki.

11/
Sun dawo a 1789. Da Hemings ya nemi 'yanci sai aka gindaya masa sharaɗi: sai ya koya wa wani duk abin da ya iya. Ya koya wa ƙaninsa Peter, wanda shi ya ci gaba da zama bawa. An 'yanta James a 1796. Ya rasu a Baltimore a 1801 yana da shekara 36.

12/
Kuma aikin ba wasa ba ne. Da hunturu ake yanko ƙanƙara daga kogi, a loda a keken doki sama da 60 kafin a cika rijiyar ajiya ta gidan Monticello. In za a yi askirim, a sa tukunyar ƙarfe cikin bokitin ƙanƙara da gishiri, a riƙa juya ta da hannu, a buɗe, a kankare gefe, a rufe, a sake juyawa. Baƙi su yaba wa maigida.

13/
Banilar ma da nata labarin, kuma ni ya fi taɓa ni. Asalinta tsiron Meziko ce. Turawa sun kai ta wasu ƙasashe, tana fure amma ba ta 'ya'ya, saboda babu ƙwaron da ke yi mata barbara a can. Furen kuma kwana ɗaya yake yi a buɗe.

14/
A 1841, a tsibirin Réunion da ke gabas da Madagaska, wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond, ya gano mafita. Ɗan siririn tsinke zai sa ya ɗaga fatar da ta raba namijin furen da macen, ya danna su da babban yatsa. Daƙiƙa kaɗan. Har yau da wannan dabarar ake barbarar banila a Madagaska, fure ɗaya bayan ɗaya.

15/
Wani Bafaranshe masanin tsirrai ya fito ya ce shi ne ya koya masa. Ubangidan yaron da kansa ya ƙaryata shi a rubuce. Da Faransa ta soke bauta a 1848 aka ba Edmond sunan Albius. Masu gonaki suka yi kuɗi, shi kuwa ya mutu cikin talauci a 1880.

Sukarin kuma ba sai na faɗa ba, kun san su wa ke saran rake a Karebiyan.

16/
Sai ƙanƙara ta zama haja. Wani ɗan Boston, Frederic Tudor, ya loda ta a jirgin ruwa zuwa tsibirin Martinique a 1806. Aka yi ta masa dariya, ya tafka asara, har gidan yari ya shiga saboda bashi. Bai daddara ba. Ya gano garin katako na hana ta narkewa da wuri.

17/
A 1833 ya aika tan 180 zuwa Kalkata ta Indiya. Wata huɗu a teku, an ƙetare tsakiyar duniya sau biyu, amma kusan tan 100 suka isa. Masu sayar da ƙanƙara da ke lulluɓe ta da buhu da garin katako a kasuwanninmu, wannan dabarar ce dai.

18/
A Filadelfiya akwai baƙaƙen fata 'yantattu da suka riƙe sana'ar abinci. Ɗaya daga cikinsu Augustus Jackson, wanda ya yi girki a fadar White House, ya dawo gida a shekarun 1830 yana haɗa askirim yana zubawa a gwangwanaye yana rarraba wa shaguna. Bai yi wa komai rajista ba, shi ya sa sunansa ya kusa ɓacewa.

19/
Wadda ta yi rajista ita ce Nancy Johnson, a garin dai, ranar 9 ga Satumba 1843. Bokitin katako, gwangwani a tsakiya, mariƙi a sama da ke juya muciya a ciki. Da ma aikin sai da bawa ko bara, yanzu yaran gida ma sai su yi layi suna juyawa.

Duk injin askirim da ka sani, har na kanti, jikan wannan bokitin ne.

20/
Daga nan abin ya yi sauri. Jacob Fussell, mai sayar da madara a Baltimore, ya ga kirim na yi masa kwantai, ya buɗe masana'anta a 1851. Carl von Linde a Jamus ya haɗa injin sanyi mai aiki da amoniya a shekarun 1870, aka daina jiran kogi ya daskare. Cokalin ɗibar askirim da hannu ɗaya kuwa wani baƙar fata, Alfred Cralle, ya yi masa rajista a 1897.

21/
Irin mai laushin nan da ke murɗowa daga inji fa? J.F. McCullough da ɗansa Alex suna ganin askirim ya fi daɗi kafin a daskarar da shi ya yi tauri. Ranar 4 ga Agusta 1938 suka gwada a shagon abokinsu a Kankakee, jihar Illinois: sha iya cikinka a kan santi 10. Cikin awa biyu aka zuba sama da 1,600. A 1940 suka buɗe Dairy Queen.

22/
Kuma ba Margaret Thatcher ce ta ƙirƙiro shi ba, kamar yadda ake yaɗawa. Ta yi aikin kimiyyar abinci a kamfanin J. Lyons kafin ta shahara a siyasa, gaskiya ne, amma lokacin Amurkawa sun shekara goma suna sha.

23/
Ga wanda zai ba ku mamaki: injin kaɗa madara da askirim ne ya haifi McDonald's ɗin da kuka sani. Ray Kroc dillalin injin ne. Ya ji wasu 'yan'uwa biyu a San Bernardino suna aiki da guda takwas a shago ɗaya, ya ce sai ya gani da idonsa. Ya je a 1954. A 1955 ya buɗe nasa reshen, daga baya ya saye su gaba ɗaya har da sunan.

24/
A 1969 Dave Thomas ya buɗe Wendy's a Columbus, jihar Ohio, da Frosty a cikin jerin farko. Ya yi kaurin da ba ya zuƙuwa da tsinke sai da cokali, kuma an sirka cakulan da banila don kada ya danne ɗanɗanon nama. Shi ne wanda aka fi kwaikwayo a bidiyoyin nan. Blizzard ya zo a 1985, McFlurry a Kanada a 1995.

25/
Mu nan yawancinmu a kan keke muka fara saninsa. Wani ɗan Denmak, Erik Emborg, ya kafa Fan Milk a Gana da Ibadan a farkon shekarun 1960, da 'yan keke masu akwatin sanyi da ƙaho. Ajiye wannan, za mu dawo kan injin. Mu leƙa wajen wuta tukun.

26/
Kalmar babikiyu daga barbacoa take, ta mutanen Taíno na Karebiyan. Tana nufin ragar itace da ake kafawa a kan wuta a ɗora kifi ko nama. Wani Basifaniye, Oviedo, ya rubuta ta a 1526. In kana neman abin da ya fi kama da ita a wajenmu, banda ce.

27/
Nan zan ɗan taka wa wasu burki. Ina ganin ana rubuta wai tsire ne uban babikiyu. Tsire gashin sauri ne, yanka sirara a tsinke a gefen wuta. Babikiyun Kudancin Amurka dabba guda ake ɗorawa a kan ramin garwashi ta kwana. Kama ba ta zama hujjar asali. Tsirenmu bai buƙaci aron tarihi ba.

28/
Abin da ke da hujja shi ne su wa suka yi aikin. A Bajiniya da Karolina babikiyu taron gari ne. George Washington ya rubuta a littafin ajiyarsa na 1769 cewa ya je wani a Alexandria har ya kwana. 'Yan siyasa kuma suka mai da shi hanyar kamfen, tun a lokacin an san ƙuri'a ta ciki take bi.

29/
Haƙa rami, saran itace, ƙona shi ya zama garwashi, yanka, fiɗa, kwana ana juyi cikin hayaƙi: duk bayi ne. Har bikin 4 ga Yuli, ranar da suke murnar 'yancin ƙasa, waɗanda ba su da 'yancin kansu ne ke gasa naman.

(Yawanci alade ne a yankin, mu sani. Texas ta fi da saniya, yammacin Kentucky da tunkiya.)

30/
Miyar lokacin ba za ka gane ta ba. Ba ja ba ce, ba danƙo, ba zaƙi. Ruwa ce tsararo: ruwan khal, man shanu, gishiri, jan barkono. A ɗaura tsumma a sanda a riƙa tsomawa ana shafa wa naman don kada ya bushe. Tun a shekarun 1690 wani limamin Faransa, Labat, ya ga ana irin wannan a Karebiyan da lemon tsami da barkono.

31/
A shekarun 1930 gwamnatin Amurka ta tura marubuta su ɗauki labarin tsofaffin da suka yi bauta, sama da mutum 2,000. A ciki akwai Wesley Jones na Karolina ta Kudu, ya haura 90. Ya ba da labarin yadda yake kwana yana shafa wa nama miya, kuma ya lissafo abin da ke ciki.

32/
Khal, masoro, jan barkono, gishiri, man shanu, albasa, tafarnuwa, da ganyayen ƙamshi irin su ɗoɗɗoya. Sukari? Ya ce wasu kan ɗan ɗiga. Ku riƙe wannan "ɗan ɗiga" ɗin, don yau in ka juya kwalbar kanti, sau da yawa mai zaƙi ne sunan farko a jerin.

33/
Bayan bauta, da ƙabilanci ya tsananta a Kudu, baƙaƙen fata kusan miliyan 6 suka yi ƙaura zuwa biranen arewa da yamma. Suka tafi da sana'arsu. Tun a farkon tafiyar akwai Henry Perry, haifaffen kusa da Memphis, wanda ya yi girki a jiragen ruwan Mississippi kafin ya sauka a Kansas City.

34/
Wajen 1908 Perry ya kafa teburinsa a wani lungu. Santi 25, a naɗe maka nama a jarida. Eh, jarida, kamar mai tsiren bakin layinku 😅 Miyarsa yaji ne zalla, irin mai sa hawaye. Da ya rasu a 1940 yaronsa Charlie Bryant ya gaji wurin, daga baya ƙanin Charlie, Arthur Bryant, ya karɓa. Wani kukun Perry kuma ya haɗu da iyalin Gates a 1946.

35/
To ina tumatir da zaƙin suka fito? Daga kecaf. Shi kansa asalinsa romon kifi ne na kudancin Sin, ba tumatir a ciki. Turawan Ingila suka kwaikwaya da naman kaza da gyaɗar waje, Amurkawa suka sa tumatir, Heinz ya fara sayar da nasa a 1876.

36/
A farkon shekarun 1900 rigima ta tashi kan sinadarin hana ruɓewa da ake zubawa a kecaf. Heinz ya cire shi, ya cike gurbin da ƙarin khal da ƙarin sukari da nunannen tumatir. Wannan kauri da zaƙin da ka sani, maganin lalacewa ne tun farko. Kwalba za ta yi watanni a kanta, dole a yi mata abin da za ta jure.

37/
Da kecaf ya shiga kowane gida, miyar gashi ta bi sahu. Heinz ya fito da tasa ta kwalba a 1940, Kraft a 1960. Matsala ɗaya: mai gasa kaza minti ashirin a bayan gida ba shi da ƙamshin itacen da ya kwana yana ci.

38/
Nan ma an riga an tanada. Tun 1895 wani mai haɗa magani a Kansas City, Ernest Wright, yake sayar da ruwan hayaƙi. A ƙona itace, a bi da hayaƙin ta bututu mai sanyi, ya koma ɗigo, a tace. Wato aikin daren Wesley Jones an mai da shi 'yan ɗigo a kwalba.

39/
A 1977 wani likitan ƙwaƙwalwar yara, Rich Davis, ya haɗa tasa mai duhu da baƙin ruwan rake ya sa mata KC Masterpiece. A 1986 kamfanin Clorox ya saye ta, ta cika kantunan ƙasar. Ita ce ta sa duniya ke ganin "irin ta Kansas City" na nufin baƙa mai zaƙi, alhali ta Perry ba haka take ba.

40/
Don adalci, Bryant da Gates su ma sunansu na jikin kwalabe, kuma wurarensu na nan. Amma gwada tambayar wanda ke son miyar ko ya taɓa jin Perry. Kuma ba iri ɗaya ba ce ko a Amurka: gabashin Karolina ta Arewa khal da barkono har yau, Karolina ta Kudu mai mustad, arewacin Alabama fara ce mai mayonis.

41/
Su kuma masu kwaikwayon girkin kamfani ba a TikTok suka fara ba. Wata mata a Michigan, Gloria Pitzer, tun shekarun 1970 take buga 'yar jarida tana aika wa mata ta gidan waya. Todd Wilbur ya fitar da littafinsa Top Secret Recipes a 1993. A dokar Amurka jerin kayan haɗi ba ya zama mallakar kowa, shi ya sa kamfani ke ɓoyewa kawai.

42/
Yanzu mu dawo kan injin. Me yake yi da kicinki ba ya yi? Abu uku. Na farko sauri: cikin mintuna yake daskararwa yana kankarewa, ƙwayoyin ƙanƙarar su fito ƙanana. Da zarar sun kai wajen kashi ɗaya cikin ashirin na milimita harshe ya fara jin yashi-yashi. Firizar gida awanni take ɗauka, su yi ta girma.

43/
Na biyu iska. Ana buga ta a ciki har ya kumbura. Mai arha na iya zama rabi iska, shi ya sa roba babba amma ba nauyi. Na uku, ba a barin sa ya yi tauri: wajen digiri 6 ko 7 ƙasa da sifili ake zuba maka, ba 18 ba. Tsananin sanyi na kashe ɗanɗano, abin da su McCullough suka gane ke nan.

44/
Ba wai madararsu ta fi taki kyau ba ma. A dokar Amurka sai abu ya kai kashi 10 cikin 100 na maiƙon madara kafin a kira shi askirim. Na Dairy Queen kashi 5 ne, don haka ba sa kiran sa da sunan. Sauran laushin daga ɗan danƙon tsirrai ne irin su guar.

45/
A gida hanya biyu ce. Ta farko ta su Hemings: madara da sukari a ƙaramar leda mai zif, a rufe ruf, a sa cikin babbar leda da ƙanƙara da kamar rabin kofin gishiri, a naɗe da tawul a yi ta girgizawa minti goma. Ba ruwanki da wuta. Ƙanƙarar naira kaɗan daga maƙwabta ta wadatar. Ki ɗauraye bakin ledar kafin ki buɗe, in ba haka ba ki sha gishiri.

46/
Ta biyu: kirim na bugawa kofi biyu mai sanyi, a buga ya tashi, a juya gwangwanin madarar kondens ɗaya a ciki a hankali, a sa a firiza. Bugun ya ba ki iskar, kondens kuma an ƙone yawan ruwanta an cika ta da sukari, ba abin da zai yi ƙanƙara sosai. Gail Borden ya yi mata rajista a 1856, sojojin yaƙin basasarsu suka yayata ta.

47/
In irin na Frosty kike so, ki dama koko da madara da ɗan kondens da ɗigon banila, ki daskarar a farantin ƙanƙara, ki markaɗa a bilenda da ɗan madara, a sha nan take. In kika mayar firiza ya kwana, dutse za ki tarar.

48/
Gargaɗi, musamman masu yi na sayarwa. In an ɗauke wuta ya narke ya jima, kada a sake daskararwa a sayar. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita yake. A 1994 a Amurka an ƙiyasta mutum 224,000 sun kamu da ciwon ciki daga askirim na kamfani ɗaya, saboda tankar da ta ɗauko haɗin ta taɓa ɗaukar ɗanyen ƙwai. In za a sa kwanduwa, a dafa ta da madarar tukun.

49/
Miyar kuwa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma kayanmu na nan sun fi dacewa da ita. Sukarin ƙasa-ƙasa da baƙin ruwan raken da suke sawa, mazarƙwaila ta haɗa duka biyun. Worcestershire da ake ta ce miki sai da shi, wanda Lea & Perrins suka fara sayarwa a 1837, tsamiya na cikin abin da ke ba shi tsaminsa.

50/
Kecaf kofi ɗaya, khal rubu'in kofi, mazarƙwaila cokali uku, jiƙaƙƙiyar tsamiya cokali biyu, albasa da tafarnuwa da aka soya sama-sama, masoro, barkono, gishiri. Wuta kaɗan, minti 15 zuwa 20, har ta kama bayan cokali. In a kan gawayi za a gasa, kuɗin ruwan hayaƙi ya huta.

51/
Sai dai kada a jiƙa ɗanyen nama da ita a ɗora a wuta. Sukari na ƙonewa tun naman bai nuna ba, ka samu baƙi da ɗaci a waje, jini a ciki. A minti goman ƙarshe ake shafawa, sau biyu ko uku, ana juyawa.

52/
Wadda ake shafawa tun farkon gashi ita ce ta Wesley Jones, don ba ta da abin da zai ƙone. Khal kofi ɗaya, man shanu cokali biyu, jajjagen albasa da tafarnuwa, masoro, barkono, gishiri, ganyen ɗoɗɗoya. A ɗumama a ajiye a gefen wuta. Ga Babbar Sallah, cinyar rago a kan garwashi mara harshe, shafi duk bayan minti ashirin, awa uku zuwa huɗu.